Muhawara: yanki mai reto a jimlar Turanci, yadda ake gane shi da inda dokarsa ta tsaya

Malama Hadiza:
Assalamu alaikum. Ina so mu tattauna a kan abin da masana nahawun Turanci ke kira dangling modifier. Ni zan kira shi yanki mai reto, don abin da yake yi ke nan, yana lilo a bakin jimla bai sami abin da zai kama ba. Ga misalin da za mu fara da shi:

"Walking across the bridge, the wind blew my hat off."

Yankin farko, walking across the bridge, yana da aiki amma ba a faɗi mai aikin ba. Ƙa'idar Turanci ita ce, duk yankin da ya zo haka babu aikau (wato mai aikin) nasa na kansa, to aikau na uwar jimla, wato babban sashen jimlar, yake ara. A nan aikau na uwar jimla shi ne the wind. Ke nan a nahawunce iska ce ke tafiya a kan gada, mai tafiyar na gaskiya kuwa ya ɓuya a cikin kalmar my.

Tambayoyina biyu ne. Wace hanya ce ta fi inganci wajen gano shi a rubutu mai tsawo? Sannan shin duk wanda ya zo da wannan siffa kuskure ne?

Malam Bashir:
Wa alaikumus salam, Malama. Zan ɗauki ta farko. Matakai uku ne, kuma da wuya su ba mutum kunya.

Da farko a nemi waƙafin farko a jimla, a duba abin da ya gabace shi. Idan yana ɗauke da aiki ko siffa amma babu sunan wanda ya yi aikin, to a tsaya a nan. Na biyu, a ɗora yatsa a kan aikau da ya biyo bayan waƙafin. Na uku, a haɗa su biyun a ƙirƙiri ƙaramar jimla, a karanta ta da ƙarfi. A misalinki za a sami "the wind was walking across the bridge". Idan ƙaramar jimlar ta faɗi abin da marubuci ke nufi, lafiya lau. Idan ba ta faɗa ba, akwai reto.

Abin da nake so a kiyaye: kada mai dubawa ya tambayi kansa ko ya fahimci abin da ake nufi. Kusan kullum zai fahimta. Wannan ne ma dalilin da ya sa marubuci ba ya ganin nasa, don mai aikin yana zaune daram a cikin kansa, sai ya ɗauka yana kan takarda. Tambayar da za a yi ita ce: wa jimlar ta ce ya yi?

Gyara kuma iri biyu ne. Ko dai a bar yankin yadda yake a sauya aikau na uwar jimla: "Walking across the bridge, I lost my hat to the wind." Ko kuma a bar uwar jimla a ba yankin aikau nasa: "As I was walking across the bridge, the wind blew my hat off." Na biyun ya fi yawan dacewa, domin ba ya taɓa abin da marubuci ya so ya sa a gaba.

Usman:
Malam, idan aka mai da yankin ƙarshen jimla fa? Akwai masu koyar da cewa matsalar wuri ce kawai.

Malam Bashir:
Gwada ka gani, Usman. "The wind blew my hat off walking across the bridge." Har yanzu babu mai tafiya a jimlar, sai dai yanzu hula ma ta shiga takara da iska. Sauya wuri yana maganin wata cuta ce daban, wato yankin da aka ajiye nesa da abin da yake bayyanawa. Duba wannan: "Covered in dust, she found the book under the bed." Littafin ne ƙura ta rufe, kuma littafin yana cikin jimlar, nesa kawai aka ajiye yankin. Da an matsar da shi an gama: "She found the book under the bed, covered in dust." Shi kuwa mai reto na ainihi, abin da yake nema ba ya tsaye a jimlar sam, don haka dole a shigo da sabuwar kalma.

Malama Zainab:
Bari in ƙara a kan mataki na farko, don a nan ne ake yawan kuɓucewa. Ɗalibai suna haddace cewa reto yana zuwa da kalma mai -ing, sai su bar sauran su wuce. Ga siffofin da ya kamata ido ya saba da su.

Mai farawa da having: "Having finished the test, the papers were collected." Takardu ba su rubuta jarrabawa ba.

Mai farawa da kalmar aiki mai -ed ko 'yan'uwanta irin su written da broken: "Exhausted by the journey, the bed looked inviting." Gado ne ya gaji?

Mai farawa da to na manufa: "To improve your score, the exercises should be repeated." Mai son inganta maki shi ne ya kamata ya zama aikau: "To improve your score, you should repeat the exercises."

Mai farawa da after, before, by, on ko without, sannan -ing ya biyo: "Before leaving the room, the lights must be switched off."

Sai ganga (wato sashen jimla mai nasa aikau da aiki) da aka datse, wadda aka cire mata aikau da kalmar was ko were: "While asleep, the phone rang." "When only six, my father taught me to swim." Wannan ta ƙarshen ta mai da uba ɗan shekara shida.

Akwai kuma wanda ba shi da aiki ko kaɗan, kuma shi ne ya fi yawa a wasiƙun neman aiki: "As a qualified nurse, patients always come first." Haɗa su kamar yadda Malam Bashir ya ce, za ka sami "patients are a qualified nurse". Gyaransa: "As a qualified nurse, I always put patients first."

Malam Bashir:
Madalla, Malama Zainab. Zan ɗora tarko ɗaya a kan mataki na biyu. Ba kalmar farko bayan waƙafi ake dubawa ba, jigon yankin suna ake nema. "After reading the report, the manager's decision changed." Ido yana ganin manager nan take sai hankali ya kwanta. Amma manager's mallaka ce kawai, jigon shi ne decision, shawara kuwa ba ta karanta rahoto. Haka abin yake da my, his, her, our, their. "Having studied all night, her eyes were red." Idanu ne aikau. Duk inda aka ga alamar mallaka bayan waƙafi, a tsallake ta a nemi sunan da ta riƙe.

Haka kuma it da there waɗanda ba sa nufin kowa: "Looking at the figures, it is clear that sales fell." "Entering the hall, there was a strong smell of paint." Waɗannan kalmomi gurbi kawai suke cikewa, ba za su iya duba lissafi ko shiga ɗaki ba.

Dakta Nura:
Na yarda da hanyar ganowa, amma ina da ja a kan hukuncin, kuma wannan ne ya kai mu tambayar Malama Hadiza ta biyu. Idan aka bi matakan nan uku babu sassauci, za a ja jan layi a ƙarƙashin jimlolin da babu wani mai jin Turanci da zai ga aibunsu.

"Generally speaking, cats live longer than dogs." Kuliyoyi ba sa magana, amma jimlar daidai take. "Considering the cost, the plan is reasonable." "Judging by the clouds, it will rain." "Assuming the train is on time, the meeting can start at nine." "To be honest, the food was cold." Waɗannan yankuna ba bayanin aikau suke yi ba, matsayin mai magana suke nunawa a kan duk abin da zai faɗa. Wasu ma irin su considering, regarding, concerning, given da provided sun daɗe da barin aikinsu na asali sun zama kalmomin haɗi.

Ba ra'ayina kaɗai ba ne. Babban littafin nahawun nan na Randolph Quirk da abokan aikinsa uku, wanda ya fito a 1985, ya kawo wannan ƙa'ida ta aron aikau, sannan ya lissafa wuraren da ake sassauta ta: inda yankin ke nuna matsayin mai magana, inda yake komawa ga uwar jimla baki ɗaya, inda mai aikin kowa ne ba wani takamaimai ba, da kuma rubutun kimiyya inda aka san marubucin ne mai aikin.

Kuma abin ba sabo ba ne. A wasan Hamlet na Shakespeare, wanda aka rubuta wajen 1600, fatalwar sarki, uban Hamlet, tana cewa "sleeping in my orchard, a serpent stung me". Mai barcin sarki ne, ba maciji ba. Shekaru fiye da 400 ana sauraron wannan, ba wanda ya rikice.

Malam Bashir:
Dakta, jerin farko na karɓa hannu bibbiyu. Generally speaking da ire-irensa ƙayyadaddu ne, ana iya rubuta su a gefen takarda a ce wa ɗalibi waɗannan an yafe musu. Amma hujjar Hamlet ba ta gamsar da ni ba. Magana ce ta dandali, ana ganin mai faɗinta, kuma kalmar my tana cikin yankin kansa tana nuna mai lambun. Mai rubuta rahoto ko yarjejeniya ba shi da wannan gata.

Kuma ina ganin mun daɗe a kan misalan da ke ba da dariya, alhali su ne marasa haɗari. Idan jimla ta ce gado ya gaji, mai karatu zai gyara da kansa ya wuce. Mai cutarwa shi ne wanda aikau na kuskure zai iya yin aikin. Duba:

"After signing the form, the clerk gave the applicant a receipt."

Wa ya sa hannu? Nahawu ya ce magatakarda. Marubucin wataƙila mai nema yake nufi. Dukansu mutane ne, dukansu suna iya sa hannu, babu abin da zai ankarar da mai karatu cewa ya ɗauki ma'anar da ba ita ba. Ko wannan:

"While driving without a licence, the officer stopped the suspect."

Jimlar ta ɗora wa jami'i laifin. A takardar shari'a wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shi ya sa nake koyar da ƙa'idar da tsauri, don wanda ya saba kama mai ban dariya shi ne zai kama wannan.

Dakta Nura:
A nan ba mu saɓa ba. Misalin magatakarda kuskure ne a kowane ma'auni. Abin da nake gudu shi ne a mai da ɗalibi mai farautar -ing, har ya riƙa lalata jimloli masu kyau. Ni ma'aunina shi ne: shin akwai wani suna a uwar jimla da zai iya ƙwace aikin? Idan akwai, a gyara ba tare da jayayya ba. Idan babu, kamar a "Looking at the figures, it is clear that sales fell", to laifin ƙarami ne, domin it ba ta iya ƙwace komai, kuma kowa ya san mai dubawa shi ne marubuci ko mai karatu.

Malama Hadiza:
To amma Dakta, a jarrabawa wannan jimlar za a soke ta.

Dakta Nura:
Za a soke ta, kuma ya kamata a gaya wa ɗalibi haka ƙarara. A jarrabawa da rubutu na hukuma a bi ƙa'ida mai tsauri. Sai dai a sanar da shi cewa matakin tsanani ne na wani irin rubutu, don kada ya ci karo da ita a jarida mai daraja ya ɗauka malaminsa ya yi masa ƙarya.

Injiniya Maryam:
Zan yi magana ta ɓangaren rahoton gwaji da littafin sarrafa na'ura, don a nan reto ya fi yin gida. Tushensa guda ne: sigar da ake kira passive, wadda ke ture mai aiki ta sa abin da aka yi wa aikin a gaba. An hana marubuci cewa I ko we, sai ya rubuta:

"Using a pipette, 5 ml of the solution was transferred to the flask."

Yankin farko yana jiran mutum, uwar jimla kuma ta kori mutumin. Idan mujallar ta yarda da we, an huta: "Using a pipette, we transferred 5 ml of the solution." Idan ba ta yarda ba, ba sai an dawo da mutum ba, a kashe aikin da ke yankin gaba ɗaya: "The solution was transferred with a pipette." Wannan gyara na uku ne da ba a ambata ba, kuma shi ya fi amfani a rubutun fasaha. After heating ya koma "after the sample was heated", ko a mai da shi suna zalla. By increasing the pressure ya koma "when the pressure was increased".

Based on ma yana da nasa rikici. "Based on these results, we changed the design" tana cewa mu ne aka gina a kan sakamako. Mutane da yawa sun daina ganin aibunta, amma masu tace rubutu da dama har yanzu suna mai da ita "on the basis of these results". Idan aka ce "Based on these results, the new design uses thicker wire", to wannan daidai ne, don tsarin ne aka gina a kan sakamakon.

A umarni kuwa babu matsala: "After removing the cover, disconnect the battery." Aikau a jimlar umarni you ne da ba a rubuta ba, shi ne mai cire murfi, shi ne mai cire batir. Matsala tana shigowa ne idan aka gauraya: "After removing the cover, the battery should be disconnected."

Malama Zainab:
Tunda an taɓo waɗanda ake zargi ba da laifinsu ba, ga wasu uku.

"The rain having stopped, we went out." Wannan yankin yana da aikau nasa, the rain, don haka ba ya aron na kowa. Alamarsa ita ce suna yana gaban kalmar aikin a cikin yankin. Haka "All things considered, the result was fair."

"Walking across the bridge takes five minutes." A nan walking shi ne aikau na jimlar kansa, ba bayani ba ne. Babu waƙafi, kuma idan ka cire shi jimlar ta rushe. Yankin bayani kuwa ana cire shi uwar jimla ta tsaya da ƙafarta. Gwaji ne mai sauƙi ƙwarai.

"The river overflowed, forcing the school to close." Yankin ƙarshe yana komawa ga abin da ya faru baki ɗaya, kuma karɓaɓɓe ne.

Malam Sa'idu:
Akwai dalilin da ya sa mai tunani da Hausa yake faɗawa wannan rami, kuma sanin dalilin yana taimakawa wajen koyarwa. A Hausa ganga tana ɗauke da mai aikinta a jikinta. "Ina tsallaka gada, sai iska ta ɗauke mini hula." Kalmar ina ta riga ta faɗi mai tafiya, don haka ganga ta biyu tana da 'yancin kawo sabon aikau. "Da na gama jarrabawa, sai aka karɓi takardu." Babu wata tangarɗa. Lokacin da ɗalibi ya zo juya wannan zuwa Turanci, sai ya ga walking da having finished sun fi gajarta kuma sun fi kama da rubutun manya, ya ɗauka su ne takwarorin "ina tafiya" da "da na gama". Bai lura ba cewa a hanya ya zubar da wakilin sunan da ke riƙe da ma'anar.

Sannan muna da irin "bayan kammala taro, sai ruwa ya sauko", inda ba a faɗi wanda ya kammala ba, kuma ba wanda zai ce ruwa ne. Kunnenmu ya saba cike gurbin daga mahallin zance. Turanci na rubutu yana cike shi ne daga aikau mafi kusa. Shawarata ga mai koyo: duk inda Hausarka ke da ina, yana, muna ko da na, fara rubuta cikakkiyar ganga da as I, while he, when we, after I. Sai ka duba: idan aikau na gangunan biyu ɗaya ne, kana iya gajartawa. Idan sun bambanta, bar ta a cike.

Usman:
Wannan ya warware mini abu da yawa, Malam. Ga jimloli huɗu a gwada:

1. "Unlike most birds, the wings of a penguin are used for swimming."
2. "Once opened, you should keep the bottle in the fridge."
3. "Weather permitting, the match will start at four."
4. "Born in 1918, Nelson Mandela's presidency began in 1994."

Malama Hadiza:
Ta ɗaya tana kwatanta tsuntsaye da fukafukai. Ko dai "Unlike most birds, a penguin uses its wings for swimming", ko "Unlike those of most birds, the wings of a penguin are used for swimming". Ta biyu ta ce kai aka buɗe: "Once opened, the bottle should be kept in the fridge." Ku lura a nan passive ce ta yi magani, don yankin abin da aka yi wa aiki yake jira, ba mai aiki ba. Ta uku lafiyarta ƙalau, weather aikau ne na yankin. Ta huɗu tarkon mallaka ne, shugabanci ba a haife shi ba: "Born in 1918, Nelson Mandela became president in 1994."

Injiniya Maryam:
Batun ta biyu yana da muhimmanci, don wasu suna fita daga darasin nan da tunanin cewa passive ce abokiyar gaba. Ba haka ba ne. Yanki mai -ing yana neman mai aiki, yanki mai -ed yana neman wanda aikin ya faɗa wa. Sigar uwar jimla sai ta bi abin da yankin ke nema.

Malam Bashir:
Ga mai tace dogon rubutu a kwamfuta, akwai dabara. A yi amfani da wurin bincike a nemi having, after, before, while, when, by, using, based on, da as a, a duba waɗanda suka zo a farkon jimla kaɗai. Sannan a nemi "ing" a bi ta kansu da sauri. Kada a dogara da manhajar duba nahawu, domin gane reto yana bukatar sanin wa zai iya yin wane aiki, kuma irin misalin magatakarda babu abin da ya karye a ginin jimlar da na'ura za ta kama. A jarrabawar zaɓi kuma, idan an ba da yankin farko aka ce a zaɓi ci gabansa, a fara da duba jigon aikau na kowane zaɓi kafin a karanta sauran. Sau da yawa wannan kaɗai yana zubar da biyu ko uku.

Dakta Nura:
Malam Bashir, ƙara without da instead of a jerin bincikenka, kuma a duba ƙarshen jimla ma ga waɗannan biyun. "The contract was renewed without reading the new terms" tana reto duk da babu waƙafi kuma yankin yana baya. Gyaranta: "The contract was renewed without anyone reading the new terms", ko a faɗi wanda ya sabunta ɗin idan an san shi.